Waiwaye: Yadda majuyar rana ta koma kusurwar ɗaki a Madagaska

Kudu kaɗan da garin Toliara, a gaɓar kudu maso yammacin Madagaska, akwai wani layi da ido ba ya gani, wanda masu zanen taswira suka laƙaba wa sunan burujin Jadyu. Nan ne iyakar tafiyar rana zuwa kudu. Ranar 21 ko 22 ga Disamba, in rana ta take tsaka, wanda ya kafa sanda a tsaye a wurin zai nemi inuwarta ya rasa, ta shige ƙarƙashinta. Rana takan yi 'yan kwanaki tana ɓullowa daga gurbi guda kamar ta gaji, sannan ta juyo arewa. Bari mu kira wannan majuyar rana. A lokacin mu nan muna ƙudundune cikin bargo, hazo ya rufe Kano da Damagaram, faso ya fara tsaga dunduniya. Su kuwa can shi ne yini mafi tsawo a shekararsu, ga zufa ga tsawa. A Antananarivo, babban birnin ƙasar, yinin yakan haura awa 13, alhali a watan Yuni da ƙyar yake kai 11. Garin Antsiranana da ke can ƙuryar arewacin tsibirin nisansa da layin tsakiyar duniya kusan ɗaya ne da na Kano, sai dai shi ta kudu yake, don haka duk abin da rana ta yi mana a Yuni shi take yi musu a Disamba.

Mutanen arewacin Turai sun mai da irin wannan rana, yininsu mafi tsawo da ke zuwa a Yuni, biki. A Suwidin hutu ne babba, a Ingila dubban mutane kan kwana a gindin duwatsun Stonehenge suna jiran ɓullowar rana. Shi ya sa baƙo kan zo Madagaska da tambayarsa a baki: ku fa, me kuke yi ranar? In manomin tsaunukan Imerina, yankin tsakiyar tsibirin da Antananarivo ke ciki, aka tambaya, abin da zai nuna shi ne laka har gwiwa, don dashen shinkafa yake yi. Manyan bukukuwan gargajiyar tsibirin duk sun kauce wa Disamba. Amma wanda ya ce ba su san majuyar rana ba ya yi gaggawa. Sunanta na nan a bakinsu, har wurin zama gare ta a cikin ɗaki. Yadda aka yi ta baro sama ta sauka kusurwar bango, labari ne da ya ratsa teku biyu da fadar sarakuna da ofishin gwamnan Faransa.

Kakannin Malagasi na farko ba daga gaɓar Afirka da ke kusa suka fito ba. Da jiragen ruwa suka ƙetaro Tekun Indiya daga tsibiran da yau ake kira Indonesiya, wajen tsakiyar shekaru dubu na farko bayan haihuwar Annabi Isa, daga baya suka cuɗanya da mutanen gabashin Afirka. A 1951 wani masanin harshe ɗan Norwe, Otto Dahl, ya nuna cewa harshen Malagasi ɗan'uwan Ma'anyan ne, wanda ake yi a kudancin tsibirin Borneo. Cikin kayan da suka ɗauko har da sunayen watanni masu tushe a Sanskrit, tsohon harshen Indiya: Asara, Vatravatra, Hatsiha, Volasira, Faosa, Maka da sauransu. Har yau ana jin su a kudu da garuruwan gaɓa. Akwai abin lura a sunan Asara. A Indiya asalinsa sunan watan da ke faɗowa tsakanin Yuni da Yuli ne, lokacin saukar damina. Da sunan ya ƙetaro kudu, sai ya saki Yuni ya bi ruwa: a kudancin Madagaska asara ita ce damina, wadda ke kankama a Disamba. Tun daga nan mutum zai gane abin da mutanen nan suka ɗauka ma'auni.

Sunayen lokutan shekara na tsaunuka ma haka suke. Lohataona, wato kan shekara, shi ne daga Satumba, lokacin da itatuwa ke toho ana gyaran fadama. Fahavaratra ma'anarsa lokacin tsawa. Fararano, ƙarshen ruwa, ita ce kakarsu. Ririnina kuma hunturu ne, wanda a gari mai tudu kamar Antsirabe har raɓa kan daskare da asuba. Babu guda a ciki da aka raɗa wa suna don tsawon yini ko gajartarsa. Manomi ma ba sama kaɗai yake kallo ba. Akwai wani ɗan itace, ambiaty, dangin shuwakarmu ne a wurin masana tsirrai. In ya yi fure an san lokacin zuba irin babbar shinkafar shekara ya yi, har sunan shinkafar ke nan, vary vakiambiaty. Ita ce ake dashenta a Nuwamba da Disamba, a girbe wajen Afrilu da Mayu.

Sai kashi na biyu, wanda Bahaushe zai ji kamar a gida. Ga kwanakin mako da harshen Malagasi: Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma, Sabotsy. Ba sai an yi wa kowa tafinta ba. Rijiya ɗaya muka sha, mu ta hanyar Sahara, su ta hanyar teku. Garuruwa da unguwanni da yawa ma sunan ranar kasuwarsu suke ɗauke da shi, akwai Talata, akwai Alarobia, kuma shahararriyar kasuwar Antananarivo da aka tasa a shekarun 1990 sunanta Zoma. Musulmi 'yan kasuwa sun daɗe suna zama a gaɓar arewa maso yamma, amma waɗanda suka fi riƙe ilmin rubutu su ne Antemoro na bakin kogin Matitanana a kudu maso gabas, masu cewa kakanninsu daga Makka suka zo. Suna da ajaminsu, sorabe, wato babban rubutu, a kan takardar da suke yi da ɓawon itacen avoha. Marubucinsu katibo ake ce masa. Suna bugun ƙasa irin na malaman duba, su da sauran mutanen tsibirin, da 'ya'yan itace, suna kiran sa sikidy.

Ta wannan hanya sunayen buruji goma sha biyu suka shigo. Duk wanda ya zauna gaban malamin hisabi zai gane su ko da an sa musu rigar Malagasi: Hamal ya zama Alahamady, Sauru Adaoro, Jauza'u Adizaoza, Saraɗan Asorotany, Asad Alahasaty, Sumbula Asombola, Mizan Adimizana, Aƙrab Alakarabo, Ƙausu Alakaosy, Jadyu Adijady, Dalwu Adalo, Hutu Alohotsy. A ilmin falaki waɗannan masaukan rana ne. Huɗu daga cikinsu su ne ginshiƙan shekara: rana na shiga Hamal a Maris da Mizan a Satumba lokacin da dare da yini ke daidaita, tana shiga Saraɗan a majuyar Yuni, tana shiga Jadyu a majuyar Disamba. To, a lissafin Malagasi waɗannan huɗun dai, Alahamady da Asorotany da Adimizana da Adijady, su ake kira iyayen rabo, sauran takwas ɗin 'ya'ya. Darajar da falaki ya ba su ta iso tsibirin lafiya lau. Abin da ya faɗa ruwa a hanya shi ne igiyar da ta ɗaure su da rana.

A Imerina an ɗauki sunayen nan aka raɗa wa watannin sama, masu kamawa da tsayuwar jinjirin wata. Wata goma sha biyu kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kwana 11. Mu da ke azumi ba ma buƙatar bayani: mun ga Ramadan a tsakiyar bazara, mun gan shi a marka, mun gan shi cikin sanyi, yana zagayowa cikin shekara 33 ko kusa da haka. Haka watan Adijady, mai ɗauke da sunan majuyar Disamba, ya shiga yawo, bana ya zo da tsawa, bayan shekara goma sha shida ya zo da hunturu. Ba a tsaya nan ba, aka sake raba sunayen a kan kwanakin kowane wata. Iyaye huɗu kowace ta ɗauki kwana uku, 'ya'ya takwas kowane kwana biyu, jimla 28, adadin nan na masaukan wata da malamanmu ke lissafa taurarin damina da su. Abin da ke fitowa daga wannan lissafi shi ake kira vintana, rabon mutum gwargwadon ranar da ya faɗo duniya, kuma mai ƙidayar shi ne mpanandro, mai duba rana. Ba wasa ake da shi ba. Alakaosy rabo ne da ake tsoro, ana ganin ɗansa zai fi ƙarfin iyayensa. Labarin baka ya ce Rainilaiarivony, firaministan da ya riƙe ƙasar daga 1864 zuwa 1895 ya kuma auri sarauniyoyi uku a jere, an haife shi a rana mara sa'a, har mahaifinsa ya datse masa gaɓoɓin yatsu biyu don a karya mugun rabon.

Daga kwanaki sai aka gangaro bango. Ɗakin gargajiya na Imerina mai kusurwa huɗu ne, tsawonsa daga arewa zuwa kudu, ƙofa da taga suna duban yamma don a ba iskar gabas mai sanyi baya. Kusurwar arewa maso gabas ta Alahamady ce, kuma ita ce mafi alfarma, kusurwar kakanni, inda ake roƙo ana ajiye abin da ake girmamawa. Daga nan a bi bango ta gabas: kudu maso gabas Asorotany, kudu maso yamma Adimizana, arewa maso yamma Adijady, kowane bango kuma ya ɗauki 'ya'ya biyu. Wanda ya shiga ɗakin katakon Sarki Andrianampoinimerina a tudun Ambohimanga, kilomita ashirin da 'yan kai daga Antananarivo, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001, zai ga ginshiƙi guda a tsakiya, gadon sarki kuma a ɗage can sama ta wajen kusurwar kakanni. Wurin zaman baƙo, wurin yaro, wurin da ake ɗaure ɗan maraƙi, duk bisa wannan taswira suke. Majuyar Disamba ke nan ta zama kusurwar da ke hagunka in ka shigo ƙofa.

Ɗakin nan kuma agogo ne. Tsakar rana sunanta mitatao vovonana, rana ta hau kan ƙundun rufi. Da ta goce kaɗan haskenta ya faɗo bakin ƙofa sai a ce mitsidika andro, rana ta leƙo. Daga nan ana bin hasken a daɓe: ya kai wurin turmi, ya kai ginshiƙi, ya kai turken maraƙi, ya taɓa bangon gabas, shanu sun kusa dawowa. Matar da ta shekara talatin tana daka a ɗaki guda ba ta rasa lura cewa a Yuni rana ta arewa maso yamma take faɗuwa, haskenta ya karkata kudu, a Disamba kuma ta kudu maso yamma, hasken ya miƙe wajen kusurwar kakanni, in hadarin la'asar ya bar shi ya shigo. Sani ne na yau da gobe, irin wanda tsohuwa a ƙauyenmu ke da shi game da inuwar rumbu. Ba a yi masa ganga ba.

Gangar ta tafi wurin sarki. Tarihin baka na Merina, mutanen Imerina, wanda wani limamin Katolika, Callet, ya tattara a ƙarni na 19, ya ce Sarki Ralambo, da ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17, shi ya kafa bikin Fandroana, wankan sarki, a farkon watan Alahamady, ranar haihuwarsa. Shi ne kuma aka ce ya koya wa mutanensa cin naman shanu. Bikin ya zama sabuwar shekarar masarauta. In ya gabato ana hana yanka na wasu kwanaki, dangi su taru, a yi kukan waɗanda suka mutu cikin shekarar, matar da ta yi yaji ma ta dawo ɗakin miji ta kwana. Da magariba yara su kunna dammunan ciyawa suna kaɗawa, tudu bayan tudu ya kama da wuta. Wannan shi ne harendrina. A fada kuma ana kewaye kusurwar arewa maso gabas da jan ƙyalle, mai sarauta ya yi wanka a bayansa, ya fito ya yayyafa wa jama'a ruwan, a harba igwa. A dafa shinkafa da zuma, a fito da naman da aka adana tun bikin bara a ci, a miƙa wa sarki kuɗin azurfa na mubaya'a da ake kira hasina. Kashegari shanu su sha wuƙa, a yi ta aika wa juna jaka, tsokar zumunci, kamar rabon naman layya. Wanka da wuta a bakin shekara ba su kaɗai ke yi ba. A Makunduchi ta Zanzibar ana Mwaka Kogwa, wankan shekara, har da ƙona bukka.

Tun da Alahamady yawo yake, Fandroana ma yawo yake. Sau ɗaya cikin shekara talatin da 'yan kai yakan gifta ta majuyar Disamba, ya wuce abinsa ba tare da kowa ya ce an yi gamo ba. Andrianampoinimerina, wanda ya haɗe Imerina ya rasu a 1810, ya kawo masanan Antemoro fadarsa don su riƙa duba masa rana, amma maganarsa da aka fi riƙewa ta shinkafa ce: teku ce iyakar fadamata.

Ƙarni na 19 ya zo da wani lissafin. 'Yan mishan na Landan sun iso a 1818, a 1823 Radama na Ɗaya ya amince a rubuta harshen da baƙaƙen boko, sorabe ya koma hannun katibo kaɗai. A 1869 Sarauniya Ranavalona ta Biyu ta karɓi baftisma, aka ƙona gumakan sarauta. Janoary da Febroary suka shigo ofis da makaranta. Fandroana bai mutu ba, amma Ranavalona ta Uku, da aka naɗa ranar 22 ga Nuwamba 1883, ta ɗaure shi a wannan rana, wadda kuma ita ce ranar haihuwarta. Karo na farko ke nan da bikin ya tsaya wuri guda a shekarar rana, saura wata ɗaya cif majuyar Disamba, a bakin damina. Bai daɗe a nan ba. Sojan Faransa sun shiga Antananarivo a ƙarshen Satumbar 1895. Janar Gallieni, wanda a ƙuruciyarsa ya yi watanni tsare a hannun Ahmadu ɗan Shehu Umaru Futi a ƙasar Segu, shi ya kawar da sarautar a Fabrairun 1897, ya tura sarauniya tsibirin Reunion, daga can aka wuce da ita Aljeriya inda ta rasu a 1917. Ya kwashe ƙasusuwan sarakuna daga Ambohimanga, ya soke wankan sarki, ya ce bikin ƙasa yanzu 14 ga Yuli ne.

Wutar yaran ce ta ƙi mutuwa. Da aka samu 'yancin kai ranar 26 ga Yuni 1960, harendrina ta sami sabon gida: daren 25 ga Yuni yara kan fito da fitilun takarda masu launi, yau har da na roba masu batir, suna zaga unguwa cikin sanyi. Kwana huɗu ke nan bayan majuyar Yuni, dare mafi tsawo a ƙasar. Wani zai so ya ga hikimar kakanni a nan, amma tsarin miƙa mulki ne ya faɗo a haka.

Sauran manyan taruka ma a sanyi suke, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Famadihana, inda dangi ke buɗe kabari su sake wa mamatansu likkafani da kiɗa da rawa, tsakanin Yuli da Satumba ake yi. Sakalava, mutanen yammacin tsibirin, na Mahajanga suna wanke kayan tsoffin sarakunansu a Yuli, na Menabe kuma suna kai nasu kogin Tsiribihina wajen Agusta, shekaru a tsakani. Sambatra, kaciyar taro ta ƙabilar Antambahoaka a garin Mananjary da ke gaɓar gabas, duk shekara bakwai ce, a Oktoba. Rumbu cike, hanya a bushe, hannu ba aiki: haka mu ma muke ajiye aure da dambe da kokawa sai bayan kaka. Disamba kuwa bakin maitso ahitra ce, koren ciyawa, sunan da suke kiran lokacin da gona ta yi shar amma tukunya ba nauyi, tsohuwar shinkafa ta ƙare, farashi ya hau. A Androy, can kudu da layin Jadyu, in ruwan Disamba ya ƙi zuwa, kalmar da ke bakin mutane kere ce, yunwa, kamar yadda aka gani a 2021. Bayanta kuma guguwar teku na tafe daga Janairu zuwa Maris. Batsirai ta daki Mananjary a Fabrairun 2022. Wa zai yanka sa don yini ya yi tsawo a irin wannan lokaci?

'Yan shekarun nan ƙungiyoyin al'ada da jikokin sarakuna sun tashi farfaɗo da sabuwar shekarar Malagasi. Ana kunna wutar da suke kira afo tsy maty, wuta mara mutuwa, ana yayyafa ruwan albarka, ana cin shinkafa da madara da zuma. Sai dai kan ya rabu a kan rana. Wasu sun ce jinjirin watan da ya fi kusa da 21 ga Maris, tun da nan ne rana ke shiga Hamal, wato sun mai da Alahamady gidansa na falaki. Wasu sun ce Satumba, hujjarsu a bakin kowa take: ai lohataona kan shekara ne, kuma Maris ta mutanen arewacin duniya ce. Wasu kuma suna nan kan tsohon lissafin wata mai yawo. A ganina kowannensu ya kama wata gaɓa ta tarihin ne ya ce ita ce jikin duka, alhali ranar nan Ralambo ya sa ta a haihuwarsa, Ranavalona ta matsar da ita zuwa tata, Gallieni ya kai ta ta ƙasarsa. Cikin masu gardamar babu ɓangaren da ya nemi a kai ta Disamba.

Abin da ke cika makon majuyar yau shi ne Krismasy. Yara na bitar waƙoƙin coci, jiragen ruwan da suka ɗebi 'ya'yan lici daga tashar Toamasina tun Nuwamba sun isa kasuwannin Turai, mangwaro ya cika titi. A fadamar Betsimitatatra da ke kewaye da Antananarivo shinkafar wuri ta fara nuna, a wasu fadamun mata sun jeru a sunkuye suna soka dashe, kowa na sauri kafin hadarin yamma ya haɗo. Bayan kwana goma za a fara gaisuwar sabuwar shekara, tratry ny taona, barka, shekara ta riske ka. Wanda kuma yake son ya kafa harsashin gida ko ya sa ranar auren ɗansa a makon, ya san ƙofar mpanandro. Tsohon zai tambayi ranar haihuwar ango da ta amarya, ya ƙirga kwana nawa da tsayuwar wata, ya bi bangon ɗaki da yatsa daga kusurwar kakanni. In yatsan ya tsaya arewa maso yamma, sai ya ce Adijady.